Kawu, Wace Bindiga Zan Saya?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar la'asar, ina zaune a ƙofar gida a Unguwar Rimi ina jiran a kawo wuta, sai ga ɗan ƙanwata ya iso a kan babur, ƙafarsa duk jar ƙasa. Yaro ne mai hankali. Ya gama jami'a shekara uku ke nan, ya yi hidimar ƙasa, ya zaga ofisoshi da takardu har takalminsa ya suɗe, daga bisani ya haƙura ya rungumi gonarmu ta gado da ke gaba da Rigachikun, a hanyar Zariya. Bana masararsa ta yi kyau, amma ba shi kaɗai ya ci ba. Birai sun yi ɗiba da rana, gyazbi ya yi yanka da dare, kuma bisa ƙiyasinsa abin da suka ɓata ba zai kasa buhu shida ba.

Bayan mun gaisa ya miƙo mini waya. Wani Ba'amurke ne mai gemu a YouTube, ya jera bindigogi a kan teburi yana bayanin waɗanda talaka zai iya saya. Yaron ya ce, "Kawu, tsakanin Ruger American da Savage Axis wacce ta fi? So nake in sami guda ɗaya wadda za ta yi mini maganin ɓarnar gona, in rani ya yi kuma in shiga daji da ita neman babban nama. Mutumin nan ya ce a sayi mai cin harsashin .308, wai shi ne ya fi araha, kuma yana yin kowane aiki."

Na daɗe ina kallonsa kafin in amsa, domin kuwa tambayar ba ta wauta ba ce. Shi ne na uku da ya yi mini irinta cikin shekarar nan, kuma na tabbata a cikin masu karatun wannan fili akwai waɗanda suka taɓa raya ta a zuci. Saboda haka na ga ya kamata in shimfiɗa amsar da na ba shi a nan, har da abin da ban samu na faɗa masa ba kafin a kira magariba.

Mu fara ba bindigar haƙƙinta. Irin wadda yake magana a kai ita ce nake kira mai sakata, saboda abin da ke kulle harsashi a cikinta yana aiki ne kamar sakatar ƙofa: a ɗaga hannun, a ja baya kwanson da aka harba ya fita, a tura gaba sabon harsashi ya shiga, a saukar da hannun ya kulle. Harbi ɗaya, ja ɗaya. Cikin bututunta akwai tsagi a murɗe wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa, shi ya sa yake tafiya sak zuwa nesa, saɓanin bindigar tsuntsaye mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Ƙirar da Bajamushe Paul Mauser ya kammala a 1898 ita ce uwar mafi yawan waɗanda ake yi har yau. Turawan Ingila kuma suna da tasu, Lee-Enfield, mai ɗaukar harsashi goma, wadda kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a yaƙin Bama. Duk wanda ya tashi a Kawo ko kusa da barikin soja a shekarun baya ya ji tsofaffin sojoji suna ba da labarin nauyinta da yadda take dukan kafaɗa. Abin da ya sa maharba a duniya suke son irin wannan bindiga shi ne ba ta da tarkacen ƙarafa masu yawa, ba ta cika cijewa ba, tana jure ƙura, kuma saitinta ba ya yaudara. A kan wannan Ba'amurken bai yi ƙarya ba.

Haka kuma bai yi ƙarya ba kan lissafin harsashi. Lambobin da ake ji, .22 ko .243 ko .308, faɗin harsashin ne a ma'aunin inci. Ƙaramin .22 ya ishi zomo da kurege da gyazbi a tazarar da ba ta wuce mita ɗari ba. Na .243, wanda kamfanin Winchester ya fitar a 1955, an yi shi ne domin mai son bindiga guda ta yi aiki biyu, ƙananan dabbobi da kuma irin su barewa da mazo. Daga nan sai .270, sai .308 da .30-06 na manyan dabbobi masu ƙaho. Ɓauna da giwa kuwa, ƙasashen Afirka da dama da ke ba da izinin farautarsu ba sa yarda a tunkare su da abin da ya gaza .375, domin harbin da bai kashe ɓauna ba fushi kawai yake ƙara mata. Ke nan tun daga nan ma burin yaron na bindiga ɗaya mai yin komai ya fara tangarɗa: abin da zai kayar da gwanki zai yi kaca-kaca da gyazbi, abin da ya dace da gyazbi kuma rauni kawai zai yi wa gwanki ya tafi ya mutu a wani wuri bayan kwana uku.

To amma duk wannan bayani ne na ƙarfe. Da na tambayi yaron ko ya taɓa karanta Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ke aiki a Nijeriya, sai ya yi murmushi ya ce ai ya ɗauka lasisi ne kawai mutum zai nema a hedkwatar 'yan sanda da ke titin Bida.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. A ciki akwai manyan makaman yaƙi da bindigogi masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, sa'annan akwai bindigogin da dokar ta kira na soja, ta kuma ambaci faɗin harsashinsu ɗaya bayan ɗaya: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu: bindigar tsuntsaye mai baki ɗaya ko biyu, bindigar iska, da bindigar farauta mai tsagi matuƙar faɗin harsashinta ba ya cikin waɗancan da aka lissafa. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato adaka da dangoginta, waɗanda lasisinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Yanzu mai karatu ya koma ga shawarar Ba'amurke. Harsashin .308 da ya ce shi ne zaɓin talaka, shi ne ɗan'uwan harsashin soja na 7.62 da ƙungiyar NATO ke amfani da shi, faɗinsu ɗaya. Haka .30-06 ma, faɗinsa ke nan. Hasali ma dalilin arahar su a Amurka shi ne asalinsu na soja ne, an ƙera su da yawa har sun cika kasuwa. Abin da ya sa suka yi araha a can, shi ne ya jefa su cikin jerin haramtattu a nan. Tsohuwar Lee-Enfield kuwa, wadda wani lokaci za ka ji ana raɗa cewa akwai ta a wurin wane a ƙauye kaza a kuɗi kaɗan, .303 take ci, kuma sunan wannan lamba yana rubuce a dokar ɓaro-ɓaro. Hukuncin wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba tare da izini ba ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Na ce wa yaron, "Shekararka 27. Ka lissafa."

Wannan tsani mai hawa uku ba a 1959 aka fara sassaƙa shi ba. A 1890 ƙasashen Turai sun zauna a Brussels suka sa hannu kan wata yarjejeniya wadda, ban da zancen hana cinikin bayi, ta hana shigo wa 'yan Afirka bindigogin zamani masu saiti, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shekara 13 bayan haka, da sojojin Lugga suka tunkari Kano da Sakkwato da Burmi a 1903, an ga amfanin wannan tsari ga waɗanda suka tsara shi. Da muka karɓi mulki sai muka gaji dokar da ruhinta: mai sakata ta hukuma ce da 'yan ƙalilan da hukuma ta yarda da su, adaka ta talaka. Ban ce ruhin nan ba shi da hujja a yau ba. Ina dai so ɗalibai su san daga ina abin ya faro.

Yaron, da yake ya yi boko, nan take ya gano ƙofa. Ya ce to ai .243 da .270 da .22 ba sa cikin jerin. Gaskiyarsa, a takarda suna cikin kashi na biyu. Sai dai ƙofar a rufe take da kwaɗo. A watan Yunin 2022, lokacin da Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya ce jama'arsa su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kai, rundunar 'yan sanda ta amsa masa cewa an riga an dakatar da bayar da lasisin. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake tabbatar da dakatarwar, bisa hujjar cewa makamai sun yi yawa a hannun jama'a. Ko da a ce gobe an buɗe, bindigar ba a Kasuwar Sheikh Gumi ake sayar da ita ba. Sai an shigo da ita, shigowar kuma tana buƙatar izini na musamman da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Wani abin ban dariya, ko na takaici, shi ne garin nan namu shi ne gidan masana'antar ƙera makamai ta ƙasa, DICON, tun 1964, can ƙetaren gada a Kakuri. Mutumin Kaduna yana kwana kusa da maƙerar bindiga fiye da kowa a Nijeriya, amma hakan bai kusantar da shi da lasisi ko da taku ɗaya ba.

Mu ƙaddara duk an warware wannan, mu yi lissafin kuɗi. Bindigogin da ya gani a waya suna kaiwa dala 400 zuwa 600 a kantin Amurka. A ɗauki 500, a canjin 2025 na kusan naira 1,500, ya kama naira 750,000, kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar dillali. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, wato albashin fiye da wata goma ke nan. Kuma bindigar tsirara take zuwa: mafi yawansu ba su da abin saiti sai an ɗora musu madubin hangen nesa, wanda mai kyau daga cikinsa yakan kusa kuɗin bindigar. Harsashi ɗaya dala ɗaya ne zuwa biyu a can. Ba wanda ke iya harbi daga haihuwa, sai ya ƙona ɗaruruwa yana koyo, kuma filayen koyon harbi da ke garin nan na masu kaki ne. Harsashin da maharbanmu suka sani shi ne na bindigar tsuntsaye mai lamba 12. Wanda ya mallaki .243 a Kaduna, ranar da kwalinsa ya ƙare ya zama mai riƙe da sanda mai tsada. Na tambayi yaron buhu nawa zai tsirar kafin ya mayar da kuɗinsa. Ya yi lissafi a waya, bai faɗa mini amsar ba.

Akwai kuma abin da faifan bai nuna ba, domin shi mai faifan a fili yake harbi inda za ka yi tafiyar sa'a ba ka ga bukka ba. Harsashin irin wannan bindiga, in ya kuskure abin da aka nufa, yana iya wuce kilomita uku kafin ya faɗi. Ƙaramin .22 ɗin nan da ake rainawa ma yana wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma yana da halin dukan dutse ko busasshiyar ƙasa ya canza hanya. Gonarmu ta Igabi, in ka tsaya a tsakiyarta, gabas ruga ce, yamma hanyar da mata ke bi zuwa rafi, arewa makarantar firamare. Biri kuma a kan itace yake, wato harbin sama za ka yi. Ban san wata kusurwa a gonar nan da mutum mai tsoron Allah zai saki irin wannan harsashi ba.

Sai zancen babban nama, wanda shi ne ya fi sosa mini rai. Na ce masa, "Wane daji, kuma wane nama?"

Sunan garin nan daga kadduna aka samo shi, saboda yawansu a kogin. Yau yaron Kaduna in yana son ganin kada sai a kai shi lambun Gamji ya leƙa ta bayan shinge. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana ba mu labarin lokacin da ake ganin gada da mazo a inda yanzu gidaje suka cika a Malali, kuma ba tsohon zamani ne can ba. Abin da ya rage wa Jihar Kaduna na daji mai suna shi ne Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, kimanin kilomita 120 daga nan, wanda aka keɓe tun 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun dajin ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121. An san shi da giwa da gwanki da kanki da gwaggon biri. Farauta a cikinsa haramun ce a doka, kamar kowane gandun ƙasa. Amma ba dokar ce ta hana mutane shiga ba a shekarun nan. Tun 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da shi suka haɗa kuɗi da sojoji don korar ɓarayin shanu daga cikinsa, abin kuma ya rikiɗe ya zama ta'addancin da ya rufe hanyar Birnin Gwari shekara da shekaru. Sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a watan Nuwamban 2024 ya sa an buɗe kasuwar shanu, motoci sun dawo hanya, mun gode Allah. Sai dai mutanen da suka zauna a daji shekara goma da AK-47 ba azumi suke yi ba. Sun ci abin da suka samu.

A ƙasa baki ɗaya ma labarin ke nan. Zakunan da suka rage a Nijeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Giwaye 'yan ɗaruruwa ne, garke mafi girma a Yankari. Dokar 1985 ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka tsaurara hukuncinta a 2016, ta hana taɓa su. Sauran masu ƙaho da ba su kai wannan matsayi ba, Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 ta ɗaure farautarsu da lasisi. Gadu, wato mugun dawa, shi ne babban abin da har yanzu ake cin karo da shi a wasu wurare, shi kuma ba namanmu ba ne. Ga wanda ya yi karatun zaure, ya san malaman Malikiyya, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid, sun bambanta farautar neman abinci da ta nishaɗi, suka sa ta biyun cikin abin ƙi. Na tuna wa yaron wannan ne saboda na lura hoton da ke kansa ba na tukunya ba ne, na mutum ne durƙushe kusa da gawar dabba yana murmushi.

Abin da ya kamata matasanmu su sani game da Ba'amurken nan shi ne, ba arahar bindiga ce ta ba shi nama ba. A farkon ƙarni na 20 su ma sun kusa ƙarar da nasu: barewarsu mai farar wutsiya ta ragu zuwa kimanin rabin miliyan a faɗin ƙasar. Suka hana cinikin naman daji, suka sa lokacin farauta da lokacin hutu, suka ƙayyade adadin da mutum zai kashe, sa'annan a 1937 suka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ɗora haraji a kan bindigogin farauta da harsasai, yau kashi 11 cikin ɗari, mafi yawan kuɗin kuma yana tafiya ne wajen kula da daji da dabbobinsa. Yanzu barewar ta kai kimanin miliyan 30, har ta zama matsala a kan tituna. Shekara tamanin da ɗoriya na haraji da haƙuri ne a bayan wannan teburin da yaron ya gani. Kusa da mu ma, Kamaru tana da yankunan farauta masu lasisi a kewayen gandun Benuwe da Faro, daf da iyakar Adamawa, inda baƙo ke biyan kuɗi mai yawa kan dabba ɗaya. A Nijar, raƙuman dawan Kure da suka ragu zuwa kimanin 50 a 1996 sun haura 600 saboda an bar su sun sha iska. Mu mun ɗauko ƙarshen labarin, muna tambayar farashinsa.

Sa'annan akwai abin da ya fi doka da kuɗi nauyi a yau, wato yadda ake kallon Bahaushe da bindiga. A ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta 16, mafi yawansu 'yan Jihar Kano, suna hanyar dawowa gida Sallah daga Jihar Ribas, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. An ga bindigogin gargajiya a cikin kayansu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su aka ƙona. Adaka ce fa, wadda doka ta fi sassauta wa. To ina ga saurayi shi kaɗai a kan babur, a bayan Rigachikun, da bindiga mai madubi rataye a kafaɗa? Sojan da ke shingen bincike ba zai tsaya tambayar ko .243 ce ko 7.62 ba. Ɗan sa-kai zai ga ɗan bindiga. Ɗan bindigar kuma zai ga makamin da ya fi nasa kai wa nesa, ya biyo shi har gida. Gyazbi da dare yake fita, wanda ke son harbinsa sai ya fita da fitila a goshi. Na roƙi yaron, don darajar mahaifiyarsa, kada ya sa ta karɓi irin wannan kiran waya.

Kada a ɗauka na wanke hukuma. Dakatar da lasisi ba tare da wa'adi ba ya hana mai gaskiya ne kawai, wanda dama shi ne zai je ya cika takarda ya ajiye hotonsa da adireshinsa. Wanda ba ya neman izini bai rasa komai ba. A watan Janairun 2017 kwastan sun kama bindigogi 661 a kwantena ɗaya a Legas, a 2024 suka kama 844 a tashar Onne. Waɗannan su ne aka gani. An bar jaki ana dukan taiki. Maharban gargajiya kuwa, waɗanda a 2014 suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram da adaka da kwari da baka, har yau mafi yawansu suna yawo ne da katin ƙungiya, ba da takardar da za ta tsaya musu a kotu ba. Ga Sarkin Baka da Sarkin Dawa a kusan kowace masarauta, sun san kowane maharbi da ubansa. Me zai hana Kwamishinan 'Yan Sanda, wanda doka ta riga ta ba shi iko kan masu ɗuri ta baki, ya zauna da su a yi rajista ta gaskiya, a buga wa kowace bindiga lamba, a duba bututunta? Da yawa daga cikinsu da bututun ruwa aka ƙera su, kuma duk wanda ya zauna a karkara ya san mai yatsu uku ko mai ido ɗaya da adakarsa ta fashe masa. Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa dakarun tsaron daji a watan Mayun 2025. In ba a haɗa wannan da lokacin hana farauta da ƙidayar abin da ya rage a Kamuku ba, za a sami masu gadi ne a dajin da ba kowa sai itatuwa.

Da ya ga na rufe kowace ƙofa, yaron ya ɗan ɓata rai. Ya ce, "To Kawu, in zuba ido su cinye ke nan?" Nan na gane na yi dogon wa'azi ga mutumin da buhu shida ya dame shi. Na gaya masa abin da na gani da idona a gonar tun ina yaro. Gyazbi daga ciyawar bakin rafi yake shigowa, kuma hanya ɗaya yake bi kullum har ta yi shara, saboda haka a sassabe gefen gonar a bar fili tsakaninta da rafin, a kafa tarko a bakin hanyoyin. Maharbin ƙauye zai nuna masa su cikin yini ɗaya. Namansa ma kuɗi ne, har a Gana da Binin kiwonsa ake yi a keji. Birai kuwa ba su da magani sai ido: rumfar tsaro a tsakiyar gona, karnuka biyu, da mai gadi na makonnin da masara ke nuna, daga asuba zuwa hantsi da kuma yamma. Maƙwabtan gona su haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya ya fi kowa ya yi ta kansa. Na kuma hana shi abin da na san wasu za su ba shi shawara, wato guba da cinna wa daji wuta, domin gubar tana ƙarewa ne a cikin kare ko akuyar wani, wutar kuma ba ta san iyakar gona ba.

Ya ce duk wannan aikin tsofaffi ne. Na ce haka ne.

Ladan ya kira magariba, muka yi alwala muka nufi masallaci. A hanya ya tambaye ni ko na san wani maharbi a wajen Birnin Yero, na ce akwai wani dattijo da ya yi wa mahaifina aiki, in yana raye zan sa a nemo shi. Da muka fito zai hau babur, ya ciro waya don duba lokaci, sai na hango hoton da ya sa a fuskarta. Ruger ɗin ce, da madubinta, a jingine a jikin wani itacen da ba ya tsirowa a ƙasar nan.